Ranar da Surukata Ta Yi Guɗa Don Fitsarina

Rijiya ta rufta da ni a wata garkar albasa kusa da Tsarnawa. Lokacin haƙar rijiya ce sana'ata, ina da ƙarfi, ba na yawan magana. Ƙasa ta danne ni daga ƙugu zuwa ƙasa tun hantsi, sai bayan la'asar aka zaro ni. Ko ƙashi ɗaya bai karye ba. Gari ya ɗauki murna.

Gidan surukaina ya fi kusa, kuma matata na can tana wankan jego, sai aka kai ni can. Surukata ta san itatuwa. Ta dafa mini sabara da sassaƙen marke, ta aiko matata ta ce in sha, yana tsare ƙoda. Na sha. Fitsarina ya koma kamar shayi, ya ragu, daga baya ya tsaya cak. Kullum tsohuwa na aikowa a tambaye ni ko ina zagayawa, ni kuwa in ce lafiya lau. Mutumin da ko ruwa ba ya sha a gaban surukarsa, yaya zai aika mata zancen fitsari? Fuskata ta kumbura, maƙwabta na cewa hutu ya karɓe ni.

Surukata ce ta lura butar da ake ajiye mini ba ta raguwa. Ta shigo ɗakin da kanta, ta dube ni ido cikin ido, ta ce ita ba ta aurar da ɗiyarta ga gawa ba, in faɗi gaskiya. Na faɗa, kaina a ƙasa. Nan take ta sa aka ɗauke ni zuwa asibitin Konni.

Lokotoro, wato likita, ya ce dannewar ta hana jini zagayawa, ƙoda ta jigata, a dakatar da jiƙo tukuna. Aka yi ta ɗura mini ruwa. Ranar da fitsari ya dawo, surukata ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti kamar an kawo amarya. Har masu jinya suka yi ta dariya, ni ma na yi.

'Yan'uwa, wanda abu mai nauyi ya danne, ko ya tashi da ƙafarsa, a kai shi likita kafin a ɗora tukunya. In fitsari ya canza, ku faɗa, ko a gaban wa.

Yanzu ina Dogarawa ina noman gero, ƙodata lafiya lau, yarana huɗu.