Gaisuwar Masussuka

Ƙanena tun yana ƙarami ba ya durƙusa wa kowa. A tsaye yake gaida manya, hannu a aljihu. Inna ta yi faɗa har ta gaji.

Da ya tafi birni karatu, sai muka ji wai ya shiga tekwando, wasan shure-shuren nan na mutanen Koriya. Muka ce shi ke nan, an ba mai zafin kai makami.

A lokacin kaka, sai ƙanena ya dawo hutu da fararen kaya da ɗamara. Kullum da safe sai ya je masussukar bayan gidanmu, ya tuɓe takalmi, ya rusuna wa filin, alhali babu kowa sai kaji suna tsintar gero, sannan ya hau shurin iska yana ihu. Wai malaminsu ba ya barin kowa ya taka wurin horo bai rusuna ba.

Ran nan wani dattijo maƙwabcinmu ya zo yana zazzaga masa masifa, wai ihunsa ya firgita masa awaki sun tsinke igiya. Muka fito da gudu, ni har da hawa katanga, don mu ga ƙafa ta tashi. Sai ƙanena ya haɗe ƙafafu, ya sunkuya, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Dattijon ya juya neman awakinsa.

Inna ta dube ni ta ce, "Ni da na haife shi ban samu ba. Ashe da kaji zai fara."