Ƙarfen da ke Cinyar Labaran

Labaran ba maigadi aka haife shi ba. Manomi ne ɗan manomi a Babban Duhu, mai noma geron da zai ci shekara har ya sam wa maƙwabta. Wata Talata da hantsi yana tsakiyar huɗa, 'yan bindiga suka ɓullo a kan babura, suka kora shanunsa biyu, suka bar masa harsashi a cinya. Likita ya ce cirewar ta fi barin haɗari. Haka ya kwaso iyalinsa zuwa Safana yana ɗingishi, aka taimaka masa da gadin ƙofar wata makarantar sakandare.

Ƙofar nan ita ce gonarsa yanzu. Akwai benci, akwai inuwar bishiyar bedi, aiki ne da mai ƙafa ɗaya da rabi zai iya, kuma da shi yake ciyar da baki bakwai.

Katangar bayan makarantar kuwa ta faɗi tun damina biyu da suka wuce. Awaki ma ba sa neman izini. Labaran ya yi magana har bakinsa ya gaji. Sai ga amsa daga sama: ba bulo ba, ba siminti ba, wai na'urar gano makami, wata aba kamar muciyar tuwo, a riƙa shafa wa ɗalibai a ƙofa. Kai ka ce masu ɗauke yara layi suke bi su shigo!

Ranar da aka kawo ta, aka tara ɗalibai a rana. Jami'in da ya zo da ita, Alhaji Sada, ya ce a fara gwadawa da maigadi. Ya shafa ƙirji, shiru. Yana kaiwa cinya, abar ta kwarma ihu.

"Fito da abin da ke aljihunka."

Labaran ya fito da makulli da ɓarin goro. Aka sake shafawa, ta sake ihu. Wani a baya ya ce, "Ko dai infoma ne?" A garin nan kuwa, a ce kana kai wa 'yan bindiga rahoto ya isa a rasa ka.

Alhaji Sada ya ce, "Ɗaga wandon nan."

Dattijo mai furfura, a gaban sa'annin 'ya'yan cikinsa! Wallahi abin da takaici. Labaran ya naɗe wando a hankali, tabon ya fito fili, baƙi, a lotse.

"Ranka ya daɗe, harsashi ne," ya ce. "Shekara huɗu ina yawo da shi. Ran da aka ɗirka mani shi ban ga mai bincike ba, ko guda."

Alhaji Sada ya gyara hula, ya juya ga shugaban makaranta fuska a sake.

"Ka gani ko? Tana aiki sosai."

Har aka tafa.

Kwana uku Labaran ya riƙe na'urar. Duk sanda ya sauke hannu ta kusanci cinyarsa, sai ta yi ƙara, layi ya rikice. Shugaban makaranta ya ce ba zai yiwu ba, ya miƙa ta ga wani, da ƙofar, da bencin, da inuwar.

Ba a kore shi ba, a'a, an yi masa adalci. An mayar da shi gadin inda katanga ta faɗi, wajen da ke kallon daji, a tsaye tun safe har a tashi. Da ya tambayi abin da zai riƙe, suka ce ai yana da sanda.