Inna Mai Juye

Kafin ƙararrawar hutu ta kaɗa a masana'antar ɗinkinmu, Inna ta riga ta goge na'urar ɗumama abinci, ta jera farantan tangaran a gefe. Ba na kamfani ba ne, daga ɗakinta ta kwaso su. Sai mu shigo da robobinmu, wata tsohuwar robar bota, wata ta sabulu da aka ɗauraye, akwai ma mai zuwa da robar fenti. Inna ta karɓa, ta juye a faranti, sannan ta ɗumama. Shi ya sa muke ce mata Mai Juye, kuma ba da yabo muka raɗa mata sunan ba.

Layi ba ya sauri, hutun kuma ba yawa. Mun yi mata tsaki, mun yi mata habaici. Wata ta taɓa tambayarta ko a asibiti ta yi karatu. Inna ta ce ba ta san karatun komai ba, ta dai ga yadda gindin roba ke lanƙwashewa in mai ya yi zafi, kuma abin da ya narke daga jikin robar ba sama ya tashi ba, cikin abinci ya shiga.

Sai daga baya muka ji labarin mijinta. Mai gadi ne, ya shekara da shekaru yana tsoma robar fenti cikin tafasasshen ruwa don abincinsa ya yi ɗumi. Yanzu ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Likita bai ce robar ce ba, bai kuma ce ba ita ba ce, kuma wannan rashin amsar ke cin Inna. Da wannan aikin take saya masa magani.

A kan idonmu wata mai ciki ta miƙa roba tana roƙon a sa mata haka nan, yunwa na neman kayar da ita. Inna ta ba ta nata abincin, ta ce, "Ci wannan, 'yata, kafin naki ya yi. Ku biyu ne a cikin rigar nan."

Da ƙorafi ya yi yawa, mai kula da sashenmu ya ce Inna ta zaɓa: ko ta riƙa sakawa yadda aka kawo, ko ta bar wa wani aikin. Ta ce, "Ranka ya daɗe, hannuna ba zai iya ba." Ta cire rigar aiki ta ninke.

Inna, ke ce kika tsaya mana lokacin da mu kanmu muke ture ki. Raina ya ɓaci da abin da aka yi miki, kuma har yanzu bai huce ba. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba maigidanki lafiya. Ku kuma masu karatu, ku nemi faranti ku juye. Wankinsa bai taɓa kwantar da kowa ba.

Na je gaishe ta makon jiya. Na tarar tana raba ƙwayar maganinsa biyu da wuƙa don ya kai ƙarshen wata. Ba ta yi maganar aikin ba. Ta dai tambaye ni ko yanzu layin yana sauri.

Na ce yana sauri sosai.