Gasar Gwajin Delmar Hoekstra

Mijina Delmar Hoekstra ba ya yarda da abu don an faɗa masa. Ko ce masa aka yi ruwa ya tafasa, sai ya tashi ya leƙa tukunyar. Shekara talatin da huɗu ya yi yana yi wa wani kamfani gwajin irin masara a nan arewacin Iowa: fili biyu, ƙasa ɗaya, taki ɗaya, a canza abu ɗaya tak, a jira girbi a auna. Da ya yi ritaya na ɗauka aikin ya ƙare, ashe gida zai dawo mini da shi. Ya taɓa sa ni na yi wata guda ina dafa gahawa da ruwan famfo, wata guda da ruwan gora, yana rubuta ɗanɗanon a takardar da ya manna a jikin firiji. A ƙarshe ya sanar da ni cewa babu bambanci. Ni kuwa tun ranar farko na gaya masa haka.

Sai ya gano wasan besbol na intanet. Kowa ya tsinci 'yan wasan da yake so daga cikin na da, ya haɗa ƙungiya, ya tsara mata dabaru, na'ura ce ke buga wasannin, ɗari da sittin da biyu a kowace kakar wasa. Ba ka ganin ƙwallo, ba ka ganin fili, sai lambobi. A kan lambobin nan na ga dattijo mai jikoki bakwai yana yi wa kwamfuta tsawa.

Abokinsa Orrin ne ya ja shi ciki. Tun ajin farko na firamare suke tare, shi ya tsaya masa ranar aurenmu, kuma duk Lahadi bayan an tashi daga coci, shi da matarsa Joyce a gidanmu suke cin abinci, ko mu a nasu. Orrin direban motar makaranta ne da ya ajiye aiki, mutum mai sanyin hali kamar ruwan randa. Yakan haɗa ƙungiyarsa a farkon kaka ya tafi kamun kifi abinsa. Delmar kuwa kullum hannunsa na cikin tasa ƙungiyar, ya ɗaga wannan ya sauke wancan. Babban abin sonsa dangwale: maimakon mai sanda ya zabga wa ƙwallo duka, sai ya ɗan tare ta ta gangara gabansa, a fitar da shi, abokin wasansa ya matsa gaba tasha ɗaya a hanyar cin maki. Wasan masu hankali ke nan, in ji Delmar. A shekara tara mai kamun kifi ya ɗauki kofi huɗu, mai hankali ko ɗaya.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan kofi na huɗu, cikin Afrilu, muna zaune ga gasasshen nama da dankali, Orrin ya fara tsokanar da suka saba.

"To tsoho, bana ma sai haƙuri. Ka ba ni aron ƙungiyar taka baɗi in riƙe maka, ko ta san yadda kofi yake."

Da a ce Delmar ya rama da tasa tsokanar, da an wuce wurin. Sai ya ajiye cokali.

"Mutumin da ba ya buɗe shafin sai Asabar zuwa Asabar ba zai ci kofi huɗu da iyawarsa ba. Ko dai na'urar nan tana da 'yan lele, ko kuma wani ya san wata ɓarauniyar hanya ya yi gum."

"Wane ne wanin?" in ji Orrin.

"Mu huɗu ne a teburin nan, matan kuma ba sa wasa."

Na taka ƙafarsa a ƙarƙashin tebur, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Orrin ya goge bakinsa a hankali ya miƙe. "Joyce, ɗauko jakarki. Marlys, mun gode da abinci." Suka bar mini kek ɗin tuffa ko yankawa ba a yi ba.

Na ce wa Delmar ya bi su. Ya ce zai bi su, amma da hujja a hannu. Washegari ya buɗe abin da suke kira gasar gwaji, inda ake yarda mutum ɗaya ya riƙe ƙungiyoyi da yawa, kaka kuma ta ƙare cikin mako biyu. Ya yi ƙungiya goma sha biyu, 'yan wasa iri ɗaya sak, fili iri ɗaya. Ya raɗa musu sunayen 'yan gida: tasa, tawa, ta 'yarmu, ta surukinmu, ta jikoki, da mutane suka ƙare ya sa sunan karenmu Biskit. Ya kuma rubuta a dandalin 'yan wasan cewa zai tona asirin na'urar, duk abin da ya samu zai kawo kowa ya gani.

A gwajin farko bai taɓa ko ƙungiya ɗaya ba, don ya ga wadda na'urar za ta fifita. Duk suka ƙare kusa da juna. Ya ce ai na'urar ta gane gwaji ake yi. Na biyu ya canza filaye, na uku ya canza lokacin da yake buɗe shafin, wai ko masu zuwa da safe ake zalunta. Babu abin da ya fito. Teburin cin abincina ya cika da takardu masu layi-layi, muka koma ci a tsaye a kicin kamar baƙi a tasha.

A na huɗu ne ya kira ni.

"Marlys, zo ki zauna. Wannan taki ce. Aikinki ɗaya: kada ki taɓa komai."

"To me zan zauna yi?"

"Ki shiga da sunanki kullum, ki duba, ki fita. Ke ce ma'auni."

Shekara arba'in da uku da aure, ban taɓa samun muƙami ba sai ranar. Ƙungiyoyi goma sha ɗaya aka bari yadda suke, shi kuma ya riƙe tasa da dukan basirarsa, yana dangwale yana canje-canje, har abinci sai na kira shi sau uku. Da kaka ta ƙare na ci wasa tamanin da tara, shi saba'in da huɗu. Biskit ma ya fi shi da wasa tara, kare da ke tsoron injin shara.

"Kaka ɗaya ba hujja ba ce," in ji Delmar.

Aka sake. Aka kuma sakewa. Sai ya zo da sabuwar magana, wai sunansa na'urar ta tsana saboda abin da ya rubuta a dandali. Don haka muka yi musanya, ya riƙe ƙungiya da sunana, ni na zauna da sunansa ban taɓa komai ba. Sunan Delmar ya zo na biyu a gasar, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ni kuma nawa ya zo na ƙarshe. Na ce masa ya dawo mini da sunana kafin ya ƙarasa zubar mini da mutunci.

Ina ba da labarin nan kamar abin dariya, amma lokacin raina a ɓace yake. A coci Orrin da Joyce sun koma zama a ɗaya ɓangaren. Ni da Joyce sai gaisuwa a gurguje wajen ajiye motoci, kamar masu laifi. Kullum Lahadi in dafa abincin mutum huɗu don hannuna ya saba, mu yi kwana uku muna cin saura. Sau biyu na ga Delmar ya rage gudu a ƙofar gidan Orrin, sannan ya taka mota ya wuce.

A ƙarshen Yuli Joyce ta tare ni a kanti, wajen madara. Sun sayar da gida. Gwiwoyin Orrin ba za su ƙara jure sanyinmu ba, za su koma kusa da 'yarsu a Oregon, ranar Larabar farko ta Oktoba motar kaya za ta tashi. Na dawo na gaya wa Delmar tun kafin in sauke jaka. Ya ce saura gwaji uku.

"Delmar, tafiya za su yi. Oregon ba bayan gari ba ce."

"Shi ya sa nake so in gama da wuri."

Abin da ba zan hana shi ba, ya iya aikinsa. Ya koma tsarin masara, yana cire dabarunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya daina canza jerin masu sanda, nasara ta ƙaru da uku. Ya daina cire mai jifan ƙwallo da wuri, ta ƙaru da huɗu. A kaka ta goma ya hana 'yan wasansa dangwale gaba ɗaya, sai ga ƙungiyarsa a tsakiyar jeri, daidai da ta kowa. Na'urar ba ta da ɗan lele, Orrin kuma ba shi da wata hanya. Duk abin da ya yi shi ne ya bar 'yan wasansa suka yi wasa. Laifi tudu ne, Delmar ya taka nasa shekara tara yana hangen na wani.

Ya gama a tsakiyar Satumba. Ya buga sakamakon a takarda shafi goma sha ɗaya, ya sa a cikin ambulan, ya ajiye a kan firiji. Mako ɗaya, mako biyu, ambulan na nan yana shan ƙura. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ranar Litinin, saura kwana biyu su tashi, na shigo da kayan wanki na same shi yana tsara ƙungiyoyi goma sha biyu sababbi.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Akwai abu ɗaya da ban duba ba. Masu jifa da hagu."

Na dire kwandon a kan takardunsa. Ban san muryata tana kai haka ba sai ranar.

"Kai dai Allah ya shirye ka! Wata biyar ina ci a tsaye, na ba ka sunana, na ba ka sunan karena, na rasa ƙawata, duk don kada ka buɗe baki ka ce ka yi kuskure. Lokacin da kake aiki, irin da shugabanka ya fi so ya faɗi gwaji, ba kai ka rubuta haka ka kai masa har ofis ba? Ka dawo gida kana ta cika baki wai lamba ba ta jin kunyar kowa. To yau ga lamba ta zo gidanka. In ba za ka kai takardar nan ba, ni zan kai, kuma in karanta masa da bakina, har wurin da kare ya fi ka."

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Sannan ya kashe kwamfutar ya ce in ɗauko makullin mota.

Mun tarar da gidan a hargitse, kwalaye har bakin titi. Orrin na tsaye a ƙofa yana kokawa da doguwar kujera, ya ɗaga gefe ɗaya, ɗaya gefen ya maƙale a dokin ƙofa. Ya rame, ko kuma ni ce na daɗe ban gan shi kusa ba. Joyce ta fito ta riƙe hannuna, muka tsaya daga gefe.

Da wani ne, da ya ce "yi haƙuri" ya gama. Mijina sai ya zaro takarda ya gyara murya ya fara daga shafi na ɗaya, da yadda aka tsara gwajin. Na ji kamar in nutse. Orrin ya sauke kujerar ya zauna a hannunta yana saurare, bai katse shi ba, har aka zo shafi na ƙarshe. Delmar ya karanto shi.

"Sakamako. Na'urar ba ta fifita kowa. Mai ƙungiya ta ɗaya shi ke jawo wa kansa asarar wasa goma zuwa goma sha biyar a kowace kaka." Ya ninke takardar. "Ni ne mai ƙungiya ta ɗaya. Yau zan sa shi a dandali."

"Dangwalen nan ne ko?" in ji Orrin.

"Yawanci."

"Tun shekarar farko nake gaya maka."

"Ka gaya mini."

Orrin ya miƙa hannu ya karɓi takardun, ya juya su yana duban layukan lambobi. "Duka-duka wasa nawa ka buga a nan?"

"Dubu tara da ɗari bakwai da ashirin."

"Wasa dubu tara da ɗari bakwai da ashirin," Orrin ya maimaita a hankali, "kafin ka yarda ni ba macuci ba ne. Shekara sittin ka san ni, Del. Da ka tambaye ni mana."

Na dubi Delmar. Duk haushinsa da na tara wata biyar sai na neme shi na rasa, tausayi ya kama ni. Joyce ta matse hannuna.

Orrin ya miƙe da ƙyar, yana dafa gwiwa, ya sa takardun cikin wani kwali da ke buɗe ya rufe.

"To me kake jira? Kama wancan gefen, tsoho. Kwana biyu kawai ya rage mana."