Bargon da na saya wa Inna

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya san kunyar mutanenmu ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta duban fuskata, ba ta yi mini magana sai ta bakin wani. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga Bungudu aka kai wa kakata a Tsafe, can na girma. Mutane suna yabonta, wai mace mai kunya. Ni kuwa haushi nake ji, ba zan ɓoye ba.

Shekarar da jirgin ƙasa ya fara shiga Gusau ina dako a wani kantin sayen auduga. Akawunmu mutumin kudu ne, Kirista, mafaɗaci na gaske. Amma da sallarsu ta Kirsimeti ta gabato sai ya zama wani mutum daban. Ya baza kaya bisa tebur yana warewa, wannan na matarsa, wancan na abokinsa. Ya ɗaga wani kallabi, ya ce mana da gurguwar Hausarsa wannan na uwarsa ne, don shuɗi take so. Maganar ta tsaya mini a rai. Shi har launin da uwarsa ke so ya sani.

Da aka ce za a rufe kanti saboda bikin, sai na faɗa kasuwa, ni ma zan yi wa mutanena tsaraba. Ban taɓa jin daɗin yini irin na ranar ba. Na samo wa Baba goro fari manya, don shi ba ya cin ja. Ƙanwata mai son kwalliya na saya mata ɗan madubi. Kaka kuwa man shafawa don gwiwoyinta, na ba wani falke mai zuwa Tsafe ya kai mata. Duk abin da na ɗauka sai in ga fuskar mai shi, in yi ta murmushi ni kaɗai kamar wani sabon taɓaɓɓe.

Na Inna ne ya gagare ni. Na zaga rumfunan 'yan koli har ƙafa ta gaji, ban san me take so ba. Can na tuna ƙanwata ta ce tun lokacin kaka Inna ke fama da tari, sanyi yana hana ta sakat. Na zaɓi bargo mai kauri, na ɗaga shi sama ina neman huda, na shinshina, na sake juyawa, har mai rumfa ya ce, "Samari, saye za ka yi ko wanki?" Na biya na ɗauka. Abin da nake fata bai da yawa. So nake Inna ta karɓa daga hannuna, ta ce ko da madalla ce.

Na isa Bungudu da la'asar. Baba ya fasa goro yana sa albarka, matan maƙwabta suka shigo ganin baƙo. Inna tana gefen murhu tana gurzar auduga. Ta rame ƙwarai, zane ɗaya ne a jikinta. Na durƙusa na miƙa bargon da hannu biyu.

Ta juya fuskarta wajen danga. Ta ce wa ƙanwata, "Amshi ki ba auta, shi ka jin sanyi."

Matan suka hau yabo. Wata tsohuwa ta ce, "Kun gani ko? Irin ga sun ƙare, ko kallo nai ba ta yi ba." Ni kuwa zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na ji kamar in ƙwace bargon in cusa a murhu. Ƙanena ya nannaɗe da shi yana tsalle, ita kuma tari ya sarƙe ta har ta dafa ƙasa.

Da safe na yi wa Baba sallama na fita, ban leƙa ɗakinta ba. Na kusa barin gari sai na ji ƙanwata tana kirana, ta iso tana haki.

"Inna ta ce in ce maka, gyambon ga na ƙahwarka ka riƙa wanke shi da ruwan bagaruwa. Ta ce ka bar ɓoyo nai, yana ci."

Ƙarfen ɗaurin auduga ne ya yanke ni a ƙwauri, wurin ya rure. Na rufe shi da wando, na daure ban yi ɗingishi ba. Baba bai lura ba, matan nan masu ido ma ba su lura ba. Na tsaya a kan hanya hawaye na zuba. Na so in koma, amma na san ko na koma danga za ta kalla.

Na yi yadda ta ce, gyambon ya warke. Ita kuwa tarin ya tafi da ita kafin ruwan farko. Ƙanwata ta ce har ranar ƙarshe Inna ba ta yarda an lulluɓa mata bargon ba, don kada a ce ta rufa da abin ɗan fari.