Yadda Muka Kai Makanikenmu Gusau

Shekarun baya, farkon lokacin da aka ba mu jihar Zamfara, noman rani nake yi a fadamar garinmu, can tsakanin Zurmi da Shinkafi. Albasa ce sana'ata, sai ɗan tattasai a gefe. Yaran yanzu in sun gan ni zaune a kasuwa na ajiye tumbi, ba sa yarda na taɓa wuni cikin taɓo har gwiwa. To na wuni, kuma ina da injin ban ruwa nawa na kaina, wani ja mai taurin kai, wanda matata ke cewa na fi tambayar lafiyarsa a kan tata.

Iyayenmu da jigo suka yi ban ruwa, suna ɗebowa guga-guga har ƙugu ya riƙe. Da inji ya shigo, sai ga mutum ɗaya yana shayar da filin da a da sai gida guda ya taru. Kowa ya faɗaɗa, har waɗanda suka saba tafiya cirani suka fara zama gida. Sai dai inji ba ya tafiya sai da mai gyara, mu kuwa mutum ɗaya muke da shi, wato abokina.

Tare muka tashi da shi, ƙofar gidanmu na kallon tasu. Ni na tsere daga makaranta tun da wuri, shi ya daure har ya je Ƙaura ya karanci inji. Da ya gama sai ma'aikatar gona ta ɗauke shi, aka ba shi babur da akwatin sifana, aka ce ya riƙa zagaya ƙauyukan fadama. Daga wajenmu har Gurbin Ɓore babu wanda bai san ƙarar baburinsa ba. Har Fulanin da ke shayar da shanu a famfon tuƙa-tuƙa na bayan gari, in ya lalace shi suke aika wa. Ba shi da yawan magana, rigarsa kullum baƙin mai, kuma in yana aiki ba ya son a tsaya masa a ka. Ni kaɗai nake tsayawa, don na san ba zai iya korata ba.

To, sabuwar jiha ta zo da wani zazzaɓi. Ana buɗe ofisoshi a Gusau, kowane gari yana son a ce yana da ɗansa a can. In ka je kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, hirar ke nan: mutanen gari kaza sun samu darakta, na gari kaza sun samu sakatare. Mu ba mu da kowa. Abin ya riƙa cin dattawanmu, har rannan bayan la'asar mai gari ya tara mu a ƙofar gidansa.

Ba a daɗe ana lissafi ba, don masu takarda a garin ba su da yawa. Wani Alhaji, ƙanen mahaifin abokina, shi ya kawo sunansa. Ya ce yaro ya yi karatu, yana da shaida a hannu, amma an bar shi yana birgima cikin taɓo kamar wanda bai da gata. Ya ce a haɗa dattawa su je wurin wani babban mutum a Gusau, su roƙa a ɗaga shi. Wuri ya ɗauki "haka ne, haka ne".

Ni kuma bakina ba ya da birki. Na ce, "Ranku shi daɗe, in munka kai shi Gusau, wa za ya gyara muna inji?"

Alhaji ya juyo ya dube ni tun daga hula har takalmi.

Ya ce, "Kai yaro, wanga abokinka ne ko maƙiyinka? Don injinka guda kake son ɗanmu shi tsufa da sifana a hannu? Hassada ba ta da kyau."

Wallahi har yau in na tuna kalmar nan sai na ji zafinta. Gaskiya kam injina nake tunani, ba zan ce kishin ƙasa ne ya tashe ni ba. Amma ai ba ni kaɗai ke da inji a wurin ba. Duk waɗanda suka sunkuyar da kai suna da nasu, ba wanda ya goya mini baya. Na koma na zauna.

Da muka fito na tare abokina, na ce masa, "Kai kana so?" Ya yi ta goge hannu da tsumma, duk da ba abin da ya taɓa. Can ya ce, "Baba Alhaji ne ya yi magana. Mi zan ce?" A garinmu ba a yi wa dattijo musu a kan alherin da ya nufe ka da shi. Mahaifiyarsa kuwa har guɗa ta yi. Ta ce mini, "Ɗana, ka taya ni murna, na gaji da wankin baƙin mai."

Dattawa suka sha manyan riguna suka tafi Gusau, suka koma, suka sake komawa, har aka dace. Aka ba shi ƙarin girma da kujera a hedikwata. Ranar da zai tafi an yi waina, an yi addu'a. Ni ma na ci wainar, ban bari ba. Aka ce za a turo wani a madadinsa. Ba mu taɓa ganin wanin ba, don duk ƙauyukan da ke da irinsa abin da muka yi su ma suka yi.

Ranin farko mun lallaɓa. A na biyu injuna suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Muka ɗauko wani mai gyaran babur daga Kasuwar Daji, bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kwance nawa ya mayar, ƙusoshi suka yi saura a ƙasa, ya ce wai dama sun yi yawa. Daga nan muka koma ɗaure inji a bayan babur zuwa Ƙaura. Ka je ka tarar da layi, a ce ka dawo mako mai zuwa. Albasa kuwa ba ta san mako mai zuwa ba. In ta fara ƙwai ta rasa ruwa, ganyen ya kwanta, shi ke nan.

Da abin ya ishe ni sai na shirya na tafi Gusau wurinsa. Na yi ta tambaya har aka nuna mini ɗakin. Su huɗu na tarar a tebur guda, ɗaya na gyangyaɗi, biyu na musun siyasa, abokina yana karanta jaridar da ta kwana biyu. Ya sa farar shadda, ya yi ƙiba kaɗan. Da ya miƙo mini hannu sai na ji shi laushi kamar na jariri, har na ce masa, "Kai, wanga hannun naka ne?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Na tambaye shi aikin me yake yi a nan. Ya ce jira suke a kawo musu kayan aiki da mota, a raba musu ofis. Sai ya ja ƙafarsa gefe ya nuna mini ƙarƙashin tebur. Akwatin sifanarsa ne a ajiye, ya goge shi fes.

Ya ce, "Kullum da shi nike zuwa. In fanka ta lalace ni ka gyarawa. Ita ke nan aikina."

Ya gaya mini ya nemi a mayar da shi fadama, an ce babban ma'aikaci ba ya komawa ƙasa, sai in laifi ya yi. Don haka ya fara zuwa gida ranar hutu, ya tuɓe shadda ya shiga fadama. Mun ɗan farfaɗo a 'yan makonnin nan. Amma labari ya kai kunnen Alhaji. Ya kira shi ya ce, "Mun zub da girmanmu mun roƙa maka kujera, kai ko kana son mutanen wasu garuruwa su ce jami'inmu na kwance cikin taɓo? Kada in sake ji." Mahaifiyarsa ta yi kuka, ta ce so yake a yi mata dariya. Daga nan in ya zo sai ya zauna a zaure ana kawo masa gaisuwa, mu kuma muna wucewa da matattun injuna a bayan babur. Ba ya iya ɗaga kai ya dube mu.

A ranin nan na rasa albasata gaba ɗaya. Na tsaya a bakin fangali ina kallon ganye ya yi rawaya ya kwanta, ga gulbi da ruwa ina jin sanyinsa a fuskata, ga inji a gefe ba ya motsi. Na gwada komawa guga ni da ƙannena, filin ya fi ƙarfinmu. Ranar na yi kuka, ba na ɓoyewa, da gemuna da komai.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, duk muka ɗunguma Gusau. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, mutane har daga Nijar, kowa zuciyarsa cike da fata. A ɗakin abokina muka sauka. Cikin baƙin da ya saukar akwai wani dattijo daga wajen Maraɗi, shugaban wata ƙungiyar manoman rani. Ya ga akwatin sifana a lungu, ya tambaya, hira ta yi hira. Na ji yana cewa su injuna gare su da yawa, mai gyara suke nema ido rufe, za su ba shi rumfar aiki da yara masu koyo. Ina kallon fuskar abokina. Rabon da in ga idonsa ya yi haske haka tun yana kan baburinsa.

Bayan 'yan watanni ya zo gida ya same ni a fadama da hantsi, ina cire tiyo daga injin da zan sayar. Ya ce ya ajiye aiki, zai tsallaka Nijar.

Raina ya ɓaci. Na ce, "To in ka ajiye, ka dawo nan mana. Ga injuna sun mutu, ga mu. Sai ka tsallake mu ka je ka yi wa wasu?"

Ya ce, "In na dawo nan, ni ne wanda anka ɗaga ya faɗo. Baba Alhaji ba zai sake shiga taro ba, Inna ba za ta sake zuwa biki ba. In ko can ne, sai su ce ɗansu na aiki ƙasar waje."

Na san gaskiya ya faɗa. Kafin ya tafi ya durƙusa ya kwance injin nan nawa, ya wanke, ya canza abin da ya canza, ya ja igiya sau ɗaya ya tashi. Ya ce, "Ko sayarwa za ka yi, kada ka sayar da gawa." Gyaransa na ƙarshe ke nan a fadamarmu.

Haka kuwa aka yi. Aka riƙa alfahari a gari cewa ɗanmu yana ƙasar waje. Fadama ta koma rabi, samari suka koma cirani, wasu suka kama kabu-kabu a Ƙaura. Ni na sayar da inji na koma dillancin albasa a kasuwar Shinkafi.

Wata Alhamis, bayan shekaru, mota ta sauke mana albasa daga tsallake, manya-manya, jajaye, masu ƙyalli. Ina hira da direban na ce ku kam Allah ya ba ku. Ya ce ai sirrin ruwa ne, suna da wani makanike ɗan Najeriya, mutumin Zamfara ma, inji ba ya wuni a mace a yankinsu, kuma ya yaye yara da yawa. Ban tambayi sunansa ba. Na ce dai yana da yawan magana? Ya ce ina, kuma ba ya son a tsaya masa a ka.

Yanzu in na ji ana taro a rediyo ana tambayar me ya sa masu sana'armu ke guduwa, me ya sa ƙasa ba ta samar da abin da za ta ci, sai in tuna abokina. Mu namu ba wanda ya zalunce shi. Ƙauna ce, da son a ce mu ma muna da wani. A wurinmu girma shi ne a raba mutum da aikin hannunsa, ba mu san yadda ake girmama shi yana riƙe da sifana ba. Ban ce na fi kowa hangen nesa ba, albasata kawai nake ji. Amma abin bai daina yi mini ciwo ba.

A ranar Alhamis ɗin nan da aka sauke albasar, da yamma Alhaji ya biyo ta rumfata, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ɗauki albasa guda yana juyawa, ya ce, "Yaro, wagga albasa ta ina ce? Mu da muke yin irinta a fadamarmu, mi ya same mu?"

Na daɗe ina jiran ranar da zan rama kalmar nan ta hassada, na ma tanadi abin da zan ce. Amma da na dubi yadda tsufa ya cinye shi sai na kasa. Na zaɓo masu kyau na zuba masa a leda, na ce, "Baba, ka kai wa Inna. Ka ce mata ɗanta ne ya ba wagga albasa ruwa."