Watandar Gidan Ashana

Motata ta farko, wadda har yau ban sake yin wata ba, mutanen Ƙaura Namoda Gidan Ashana suke ce mata. Kuma ba su yi mata ƙazafi ba. Gajeriya ce mai kusurwa huɗu, fara, in ka rufe ƙofar direba da ƙarfi sai ta ɗaya gefen ta buɗe. Na saye ta hannu na biyu ina malamin sakandare, don ita kaɗai ce motar da aljihun malamin makaranta zai iya kallo ido cikin ido. Ranar da na shigo da ita unguwa, maƙwabcina ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Malam, ina sauran?" Na yi dariya a gabansa, amma na yi kwana uku ba na amsa gaisuwarsa da kyau. Ina da wannan halin, ban taɓa ɓoye shi ba.

Tarihin kamfanin da ya ƙera ta, rabi a bakin bakanike na ji shi, rabi daga baya na karanta a waya. A wata ƙasa mai sanyi yake. Da kekuna da injin ban ruwa ya fara, sai gwamnatinsu ta ce a ƙero motar da lebura zai iya saya da albashinsa. Suka zauna suka cire duk abin da mota za ta iya tafiya ba shi. Babu na'urar sanyi, babu rediyo, madubin gefe guda ɗaya, gilashi da hannu ake murza shi. Abin da ya rage shi ne inji da taya huɗu da kujeru masu taurin benci. Wani ɗan kasuwa ya riƙa shigo da su ƙasar nan, ƙananan ma'aikata suka yi ta saye. Daga baya al'amura suka juya a can, wani babban kamfani ya saye nasu, ya riƙe sunan, ya daina yin irin tamu. Sababbin da suke yi yanzu na gan su a hoto, sumul sumul, ko gaisawa ba za su yi da tawa ba. Shagon da ke sayar da kayan gyaranta ya koma sayar da na babura, mu kuwa aka bar mu riƙe da makulli.

Mu tara ne masu irinta tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, kuma bakanike ɗaya ne ya san cikinta, wani dattijo mai gareji a bayan tashar jirgin ƙasa. A garejinsa muka san juna, a nan kuma aka ƙulla abin da muke kira watanda. Ba a rubuta komai ba. Duk wanda injin motarsa ya buga, tata ta ƙare, tunda babu inda za a samo wani. Sai mai ita ya aika wa sauran, a taru ranar Asabar, bakanike ya yanka ta, kowa ya ɗauki abin da tasa take bukata. Ba a saye, ba a sayarwa. Sharaɗin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne ba a roƙo. Ko ka ga motar mutum ta shekara a kafe, ba ka buɗe baki ka ce ya ba ka. Shi zai faɗa da kansa.

Na ci wannan watanda, na ci na ƙoshi. Lagireton da ke cikin motata na wani malamin asibiti ne a Zurmi. Kafireto na wani mai awon hatsi ne. Da wata akori-kura ta murƙushe mini ƙofar baya a bakin kasuwa, ƙofar motar wani limami aka sa mini, koriya shar a jikin farar mota, na yi ta yawo da ita haka, yara na nunawa. Ina tuna fuskokin masu motocin a ranakun nan. Suna tsaye gefe suna barkwanci, suna cewa a yi a hankali da ita, sannan su tafi tun kafin a gama. A lokacin ban kawo komai a raina ba. Hankalina yana kan abin da zan samu.

Shekaru suka yi ta cinye mu ɗaya bayan ɗaya har muka rage mu biyu: ni da wani tsohon hedimasta, mutumin Galadi da ya dawo cikin Shinkafi da zama bayan hanyoyin ƙauye sun lalace da tashin hankali. Ya girme ni nesa ba kusa ba, Baba nake ce masa. Injin motarsa lafiya lau, don shi mutum ne da ba ya wuce gudun keke da ita. Giyabos ɗinsa ne ya gaji. Nawa kuwa garau yake, injina ne ke tari yana hayaƙi. Duk wanda ya san mota ya san inda maganar za ta ƙare, ban da ni.

Matar Baba tana da ciwon da ya kama mata ƙugu da ƙafafu, kuma duk bayan mako biyu sai an kawo ta asibiti a Ƙaura. A motar nan yake kawo ta, ya kwantar da kujerar gaba, ya jera mata matasai. Motocin haya sun yi ƙaranci a hanyar, waɗanda ke akwai kuma ana cusa mutane ne har kan cinyar juna, mai ciwon ƙugu ba za ta iya ba. Na san duk wannan. Sau da yawa a ƙofar gidana suke tsayawa su sha ruwa kafin su koma.

Da damina, ina dawowa daga ta'aziyya a Zurmi, injina ya yi wata ƙara kamar an jefa dutse a cikin tukunya, ya tsaya cik. Wata motar ɗaukar hatsi ta jawo ni har gida. Bakanike ya zo, ya buɗe, ya sa hannu, ya goge hannun a tsumma.

"Malam, wagga ta gama aikinta. In aika ma Hedimasta?"

"Kak ka aika ma kowa," na ce. "Hutawa takai. Ina neman inji."

Ya dube ni ya ce, "Ina za ka samo shi?"

Na ce masa wannan ba matsalarsa ba ce. Na sayo tamfol na lulluɓe ta a ƙofar gida, na danne gefunan da bulo.

Na nemi injin da gaske, kada a ce ban nema ba. Na kira Kano, na kira Legas, na sa wani tsohon ɗalibina da ke zirga-zirga zuwa Maraɗi ya duba mini. Har wasiƙa na rubuta wa kamfanin ta waya, da Turancina na malamin makaranta, ina ba su labarin yadda motarsu ta yi mini hidima. Aka amsa mini da godiya da hoton sabuwar mota. Amma in zan faɗi gaskiya, ko a lokacin na san ba inji nake nema ba, lokaci nake ja. Motar nan ita ce abu na farko mai daraja da na taɓa mallaka da gumina. Na yi shekaru ina kare ta daga bakin mutane, na yi faɗa da abokai saboda ita. Tunanin in tsaya ina kallo a kwance ta gunduwa gunduwa a bayan tasha, shi ne abin da zuciyata ta ƙi. Son kai ne, na sani, amma a lokacin wasu sunaye nake ba shi.

A cikin wannan tsakanin giyabos ɗin Baba ya tsaya gaba ɗaya. Bakanike ne ya faɗa mini, yana kallon wani wuri daban. Na ce Allah ya kyauta, na canza magana.

Bayan kwana kaɗan sai ga Baba a ƙofar gidana da hantsi, a bayan ɗan acaba, rigarsa duk feshin laka. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Muka gaisa, muka yi maganar ruwan bana da tsadar taki da halin da hanya take ciki. Tamfol ɗin yana nan a gabanmu, ta ƙofar zaure ana ganinsa.

"Ina mutuniyar?" ya ce.

"Tana nan, Baba. Batir na kai caji."

"To, madalla. Allah shi bar mu da su."

Ya sha ruwa, ya tashi, ya hau babur ya koma Shinkafi. Na ji sanyi a raina da ya tafi bai ce komai ba, har na yaba wa kaina.

Ya sake zuwa bayan mako biyu. Wannan karon na ce taya nake jira. Ya sake zuwa na uku, na ce masa mai ke da tsada, shi ya sa na ajiye ta. Kowane zuwa zama ɗaya ne, gaisuwa ɗaya, tambaya ɗaya, addu'a ɗaya. Zuwa na uku ma har na fara jin haushinsa. Na ce wa matata, tsohon nan me yake nema da ni ne, kullum yana tafe kamar mai duba gona? Ta dube ni ta ce, "Kai dai ka sani," ta ci gaba da tankaɗenta.

Wata Talata na je asibiti karɓar maganin hawan jini. Ina fitowa sai babur ya tsaya a bakin ƙofa. Babban ɗan Baba ne ke tuƙi, magidanci mai furfura a gemu. A bayansa mahaifiyarsa ce, an ɗaure ta a jikinsa da zani don kada ta faɗi, Baba kuma yana can ƙarshen kujera yana tallafe da ita. Daga Shinkafi suke a haka, a kan wannan hanya mai ramuka. Da aka kwance zanin ba ta iya miƙewa ba. Ba ta yi kuka ba, leɓenta kawai ta ciza, suka ɗauke ta su biyu suka shiga da ita. Ba su gan ni ba, don na koma bayan wata bishiya na tsaya kamar ɓarawo. Kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba, kuma na cancance ta.

Daga nan gareji na wuce. Na ce wa bakanike ya zo da kayan aikinsa gobe ya yanka ta, ba sai Asabar ba. Ya gyaɗa kai kawai. Sannan na koma asibiti na samu Baba zaune a benci a baranda, yana jiran a gama duba ta. Na durƙusa na gaishe shi, abin da na daɗe ban yi wa kowa ba.

"Baba, injin motata ya buga. Tun farkon damina. Ƙarya ni ka yi muku."

"Na sani, Malam," ya ce.

"Bakanike ya hwaɗa muku?"

"A'a, shi ba ya da wagga ɗabi'a. Ranar da niz zaka na hwarko nig gani. Tayoyin sun nutse ƙasa, ciyawa ta hito ƙarƙashinta. Motar da aka kai batirinta caji ba ta yin haka."

Na rasa inda zan sa fuskata. Da ƙyar na ce, "To don mi ba ku yi magana ba? Kuna ta zuwa, kuna ta komawa."

Ya gyara hularsa.

"Ai ba a roƙo, kai ma ka sani. Kuma na san in ka shirya, ba ka iya aiko mini ta waya, kunya za ta sa ka ce sai ka taho Shinkahi da kanka. Ga yadda hanyar nan take, kai kuma kana da ƙananan ɗiya. Shi ya sa ni ka kawo kaina kusa, don ranar da ka shirya ka iske ni bakin ƙoharka."

Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mai ɗakinsa tana kiransa. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya shiga wurin matarsa, ya bar ni durƙushe a gaban bencin.